Ostireliya: Yadda lissafin zango ke ceton rai a hanyar kilomita 3,000 da ta ratsa hamada

A watan Yulin 2025, kafafen yaɗa labarai na duniya sun ɗauki labarin wata matashiya Bajamushiya mai shekara 26 da ta ɓata a dajin yammacin Ostireliya. Motarta ta maƙale a wani surƙuƙi mai nisan kimanin kilomita 300 daga birnin Perth, ita kuma ta bar motar ta kama tafiya da ƙafa. Masu nema sun hango motar daga sama kwana guda kafin a ga mai ita. Sai da ta kwana 11 a daji cikin tsananin sanyi, kafin wata mata da ta biyo hanya da mota ta tsince ta.

Fiye da shekara guda kafin haka, a watan Fabrairun 2024, wasu Jamusawa biyu sun bi taswirar Google Maps a yankin Cape York da ke arewa maso gabashin ƙasar. Taswirar ta kai su wata hanyar da damina ta lalata, motarsu ta kafe a taɓo, suka yi fiye da mako guda kafin su fito, bayan sun taka kimanin kilomita 60 a yankin da kadoji ke cikin koguna.

Duka ukun sun tsira da rayukansu, shi ya sa labarinsu ya yi daɗin ji. Sai dai abin da ya same su ya sake tayar da tsohuwar tambaya a ƙasar: me ya sa a zamanin wayar salula da tauraron ɗan'adam, har yanzu mutane ke shiga halaka a ƙuryar Ostireliya, yankin da 'yan ƙasar ke kira Outback? Amsar da jami'an ceto da tsofaffin direbobi ke bayarwa ba ta sauya ba. Yawancin matsalar tana farawa ne tun daga gida, lokacin da matafiyi bai zauna ya lissafa inda zai sha mai, da inda zai huta, da inda dare zai same shi ba.

Girman ƙasar shi ne tarko na farko

Faɗin Ostireliya ya kai murabba'in kilomita miliyan 7.7, wato ta ninka Najeriya kusan sau takwas, amma jama'arta ba su wuce miliyan 27 da 'yan kai ba, kuma mafi yawansu suna zaune ne a biranen gaɓar teku. Yankin Arewa kaɗai, wanda Darwin ne babban birninsa, ya ɗan fi Jamhuriyar Nijar girma, alhali mutanen da ke cikinsa kusan 250,000 ne.

Babbar hanyar da ta ratsa tsakiyar ƙasar daga kudu zuwa arewa ita ce hanyar Stuart. Ta taso daga Port Augusta ta dire a Darwin, tsawon kimanin kilomita 2,700. Wanda ya taso daga birnin Adelaide sai ya ƙara wasu 300, jimilla kusan 3,000. Kwatankwacin a je Kano daga Legas, a koma, a sake dawowa ke nan.

Bambancin shi ne tsakanin Legas da Kano da wuya ka yi rabin sa'a ba ka ga gari, ko mai faci, ko mai sayar da shayi ba. A hanyar Stuart garuruwan da suka amsa sunan gari huɗu ne a tsakani: Coober Pedy, da Alice Springs, da Tennant Creek, da Katherine. Sauran wuraren da taswira ke nuna wa matafiyi da sunaye kamar na birane, galibi gida ɗaya ne tilo a bakin titi, mai famfon mai, da ɗakin cin abinci, da 'yan ɗakunan kwana, da filin kafa tanti. Waɗannan gidajen zango su ne ke riƙe da hanyar baki ɗaya.

Ruwa ne ya fara yanka zangunan

Bahaushe ba baƙon wannan lissafi ba ne. Fataken da suka riƙa kai kaya Gwanja suna dawowa da goro ba su auna tafiya da mil ba, da zango suke aunawa, kuma madugu ne ke yanke inda ayari zai sauka, bisa la'akari da ruwa da abincin dabbobi da tsaro. Tsakiyar Ostireliya ma a kan irin wannan lissafi aka buɗe ta.

'Yan asalin ƙasar sun yi dubban shekaru suna bin hanyoyin da ke haɗa idanun ruwa. Turawan da suka zo daga baya, wanda ya bi ruwa ya kai, wanda ya yi gaggawa ya halaka. John McDouall Stuart, mutumin da aka raɗa wa hanyar sunansa, ya sha komawa da baya idan ruwa ya yanke masa, sai a 1862 ya isa tekun arewa, kuma bai rasa mutum ko ɗaya ba a tafiye-tafiyensa.

Ayarin Burke da Wills kuwa, da ya tashi daga Melbourne a 1860 da kaya niƙi-niƙi, ya ƙare da mutuwar jagororinsa biyu. A watan Afrilun 1861 sun dawo sansaninsu na Cooper Creek a galabaice, suka tarar mutanen da suka yi wata huɗu suna jiransu sun tashi a safiyar ranar, sa'o'i kaɗan kafin isowarsu.

A 1872 aka kammala layin wayar tangarahu a kan sawun Stuart, kuma tashoshinsa irin su Alice Springs da Barrow Creek da Tennant Creek suka zama zanguna. Masu dakon kaya a wancan zamani Musulmi ne masu raƙuma daga Afghanistan da yankunan da a yau suke Pakistan da Indiya. Da motoci da jirgin ƙasa suka karɓe aikin, aka saki raƙuman a daji, jikokinsu ne ke yawo a hamadar har gobe. Jirgin ƙasan The Ghan da ke zirga-zirga tsakanin Adelaide da Darwin ma daga sunan waɗannan mutane ya samo nasa. Hanyar motar kuwa sai a 1987 aka gama shimfiɗa mata kwalta daga farko har ƙarshe.

Lissafin mai: rabin tanki tamkar babu ne

Tazara mafi tsawo da babu gidan mai a hanyar Stuart tana tsakanin Glendambo da Coober Pedy, kimanin kilomita 250. A takarda wannan ba abin tsoro ba ne. Motar da ke shan lita 10 a kowane kilomita 100, mai tankin lita 60, za ta iya yin 600.

Amma lissafin takarda bai san iskar da ke bugo mota ta gaba ba, bai san na'urar sanyaya mota da ke kunne tun safe ba, bai san nauyin kaya ba. Mai jan ɗakin kwana a bayan motarsa yana iya shan kusan ninkin abin da ya saba. Gudu ma na cin mai: a ɓangaren Ostireliya ta Kudu iyakar gudu kilomita 110 ce a sa'a, a Yankin Arewa kuwa ta kai 130 a wurare da dama, kuma duk wanda ya manne wa 130 zai ga allurar mai na sauka a gabansa.

Sannan akwai abin da ba a fata. Idan ka wuce Pimba ba ka sha mai ba saboda kana sa ran Glendambo, ka isa ka tarar famfo ya lalace ko tankar mai ba ta iso ba, tazarar da ke kanka ta tashi daga 250 ta koma sama da 360. Shi ya sa ƙa'idar tsofaffin direbobi ita ce a cika tanki a duk inda aka ga famfo, ko da mai ya fi na birni tsada sosai, kuma kada a yarda allura ta sauka ƙasa da rabi.

Yana da kyau matafiyi ya san cewa ba kowane gidan zango ke kwana a buɗe ba. Haka kuma a wasu sassan tsakiyar ƙasar fetur ɗin da ake sayarwa na musamman ne mai ƙarancin ƙamshi, wanda aka fito da shi a 2005 don yaƙi da shaƙar fetur tsakanin matasa. Yana aiki a duk motar da ke shan fetur na gama-gari. Mai motar da ke buƙatar fetur mai daraja ta sama shi ne zai fi shan wahalar nema.

Rana ce ke yanke tsawon zango

Taswirar waya za ta ce maka daga Adelaide zuwa Darwin tuƙin sa'o'i 30 da wani abu ne, sai mai ƙarfin hali ya raba uku ya ce kwana uku sun ishe shi. A nan ake fara kuskure, domin a wannan hanya ba kowace sa'a ce ta tuƙi ba.

Da asuba, da kuma daga la'asar sakaliya zuwa dare, dabbobi ke fitowa titi. Akwai kangaru, da jiminar ƙasar da ake kira emu, da raƙuman daji, da dawakai, da shanu, kasancewar manyan gonakin kiwo da yawa ba su da shinge a bakin hanya. Baƙar saniya da ta kwanta a kan kwalta mai ɗumi cikin dare, direban da ke gudun kilomita 110 ba zai gan ta ba sai ya zo dab da ita. Saboda haka ne kamfanonin hayar motoci da dama ke rubuta wa a yarjejeniyarsu cewa inshora ba ta ɗauki haɗarin da aka yi da dabba cikin dare a waɗannan yankuna ba, wasu kuma suna haramta hawa hanyar burji gaba ɗaya. Wanda bai karanta takardar ba kafin ya sa hannu, aljihunsa ne zai biya.

A watan Yuni, lokacin da aka fi yin wannan tafiya, hasken rana a Alice Springs kimanin sa'o'i 10 da rabi ne. Cire sa'a guda bayan fitowar rana da sa'a guda kafin faɗuwarta, saura takwas da rabi. Hukumomin kiyaye haɗurra na ƙasar suna ba da shawarar hutun aƙalla minti 15 bayan kowace sa'a biyu. Idan aka haɗa da shan mai da cin abinci da sallah ga mai yi, abin da zai rage na tuƙi zalla sa'o'i shida ne zuwa bakwai. Wato zangon da hankali zai ɗauka yana tsakanin kilomita 500 zuwa 600, kuma ga mai jan ɗaki ko mai tafe da yara, 300 zuwa 400 sun wadatar.

Barci ya fi ɗan fashi kisa

Idan aka ambaci hanyar Stuart, abin da ke fara zuwa zukatan mutane da yawa shi ne kisan da aka yi wa wani ɗan yawon buɗe ido na Birtaniya kusa da Barrow Creek a 2001. Wanda kotu ta kama da laifin ya mutu a tsare a watan Yulin 2025 ba tare da ya faɗi inda ya kai gawar ba, lamarin da ya sake farfaɗo da tsoron.

Amma irin wannan ta'asa ba kasafai ake samunta ba. Abin da ke cin rayuka a kai a kai shi ne gajiya, da gudu, da maye, da rashin ɗaura bel. Kusan mutum 1,300 ne suka mutu a titunan Ostireliya a 2024, kuma idan aka auna da yawan jama'a, Yankin Arewa ne ke kan gaba da tazara mai yawa.

Binciken da hukumomin ƙasar ke yawan kafa hujja da shi ya nuna cewa wanda ya yi sa'o'i 17 bai runtsa ba, tuƙinsa na lalacewa daidai da na wanda barasar da ke jininsa ta kai iyakar da doka ta gindaya. Miƙaƙƙiyar hanya tana ƙara wa lamarin muni. A hanyar Eyre da ta ratsa filin Nullarbor a kudu, akwai wurin da titi ya miƙe sambal na tsawon kilomita 146.6 babu kwana ko ɗaya. Ido na buɗe, hannu na kan sitiyari, amma hankali ya tafi. Da zarar taya ta sauka gefen titi, direba ya firgita ya fizgo sitiyari, sai mota ta wuntsila.

Ga wanda ya saba tuƙi a Najeriya ko Nijar akwai ƙarin haɗari: a Ostireliya ta hannun hagu ake tuƙi. A cikin gari sauran motoci na tuna maka. A hamada kuwa, idan ka tashi daga wurin hutu babu kowa a titi, hannu kan koma inda ya saba.

Sai kuma manyan tireloli masu jan bodi uku ko huɗu, waɗanda tsawonsu kan kai mita 53.5. Wuce irin wannan mota na buƙatar ka hango titi fayau na fiye da kilomita guda, kuma gajiyayyen direba ba ya iya auna wannan tazara daidai.

Yadda za a iya raba hanyar

Idan aka bi wancan lissafi, tafiyar Adelaide zuwa Darwin na iya kasancewa kamar haka, kuma duka alƙaluman ƙiyasi ne na kusa:

Rana ta 1: Adelaide zuwa Port Augusta, kilomita 300. Nan ne wuri na ƙarshe da za a yi cikakken cefane a duba mota kafin shiga hamada.

Rana ta 2: Port Augusta zuwa Coober Pedy, kilomita 540. Hanyar ta bi ta cikin yankin gwajin makamai na Woomera, inda aka hana sauka daga babban titi a shiga daji ba da izini ba. Coober Pedy gari ne na masu haƙar dutsen opal tun 1915, kuma saboda zafi mutane da yawa a ƙarƙashin ƙasa suke zaune, har otal-otal akwai a cikin rami.

Rana ta 3: Coober Pedy zuwa Erldunda, kilomita 490, ta Marla da Kulgera. Masu ƙoƙarin kaiwa Alice Springs a rana ɗaya, wato kilomita 690, su ne dare ke riska a hanya.

Rana ta 4: Erldunda zuwa Alice Springs, kilomita 200. Mai son ganin dutsen Uluru daga Erldunda zai ratse yamma, kusan kilomita 250 zuwa kawai, don haka sai ya ƙara kwana biyu ko uku. Tun watan Oktoban 2019 aka hana hawa dutsen, bisa buƙatar mutanen Anangu masu wurin.

Rana ta 5: Alice Springs zuwa Tennant Creek, kilomita 510.

Rana ta 6: Tennant Creek zuwa Daly Waters, kilomita 400.

Rana ta 7: Daly Waters zuwa Katherine, kilomita 275, ta Mataranka mai idanun ruwan ɗumi.

Rana ta 8: Katherine zuwa Darwin, kilomita 320.

A kan waɗannan kwana takwas, mai hangen nesa kan ajiye aƙalla kwana biyu na ko-ta-kwana da bai ɗora musu komai ba. Musulmin matafiyi zai samu masallatai a Adelaide da Alice Springs da Darwin, kuma a nan ne ya fi sauƙin samun naman halal. A gidajen zango zaɓin abinci kaɗan ne, gara a tafi da guzuri. Sai dai a kula, ana hana tsallaka wasu iyakokin jihohi da ɗanyun 'ya'yan itace da kayan lambu saboda ƙwarin amfanin gona, kuma akwai tara.

Wurin kwana: ba a fafe gora ranar tafiya

Daga watan Mayu zuwa Satumba ne kakar wannan tafiya. A lokacin ne dubban tsofaffin ma'aikata da suka yi ritaya ke ɗaura ɗakunansu a bayan mota su nufi arewa gudun sanyin kudu, ga kuma hutun makarantu na watan Yuli. Gidan zangon da ɗakunansa ba su fi a ƙirga da yatsu ba yana iya cika tun kafin la'asar. Wanda ya iso da magariba ya tarar babu ɗaki, zaɓi biyu gare shi: ya kwana a mota, ko ya ƙara kilomita 100 ko 200 cikin duhu. Na biyun ne ke kashe mutane.

Kwana a mota ma yana son shiri. A watannin Yuni da Yuli sanyin dare a tsakiyar ƙasar kan sauka ƙasa da sifiri. A watannin Disamba zuwa Fabrairu kuwa zafi ne ke kisa: a garin Oodnadatta aka auna digiri 50.7 a watan Janairun 1960, ma'aunin da har yanzu ba a zarce shi ba a ƙasar, ko da yake an yi kunnen doki da shi a Onslow a 2022. Saboda zafin ne ake rufe hamadar Simpson ga matafiya daga farkon Disamba zuwa tsakiyar Maris kowace shekara.

Wani sauyi da ya zo a 'yan shekarun nan shi ne filayen kwana na gandun dajin gwamnati a Yankin Arewa, irin na Karlu Karlu da ke kudu da Tennant Creek, yanzu ta intanet ake kama wuri a biya. Wanda ya bari sai ya isa wurin zai iya tarar babu sabis ɗin da zai yi hakan.

Akwai wuraren hutu na gefen titi da aka yarda a kwana kyauta, akwai kuma waɗanda aka ware wa direbobin tirela, waɗanda doka ta wajabta musu hutu, bai kamata ƙananan motoci su tare musu ba. Ba a kafa tanti a cikin busasshen kogi, domin ruwan da aka yi a nesa na iya isowa cikin dare. Daga Katherine zuwa arewa kuwa shawarar hukuma ita ce a nisanci bakin ruwa da aƙalla mita 50 saboda kadoji.

Kusan rabin Yankin Arewa mallakar 'yan asalin ƙasar ne a ƙarƙashin dokar filaye ta 1976. Bin hanyar Stuart ba ya buƙatar izini, amma ratsewa zuwa ƙauyukansu ko bin wasu hanyoyin burji, kamar wadda ta tashi daga yankin Uluru ta nufi yamma, na buƙatar takarda daga majalisun filayensu, kuma tun kafin tafiya ake nema.

Ranar da hanya ɗaya tilo ta yanke

Abin da ya fi sauya lissafin matafiya a 'yan shekarun nan shi ne yawan rufewar manyan hanyoyin da ba su da madadi.

A ƙarshen 2019 zuwa farkon 2020, gobarar daji ta rufe hanyar Eyre na fiye da mako guda, ɗaruruwan matafiya da direbobin tirela suka maƙale a gidajen zango irin na Caiguna, har sai da aka kai musu kayan masarufi ta sama.

A watan Janairun 2022 ruwan sama ya shanye hanyar Stuart kusa da Glendambo, ya kuma yanke layin dogo na fiye da mako uku. Jiragen sojin sama ne suka kai abinci Coober Pedy, kantuna a Alice Springs da Darwin suka yi ƙaraf. A ƙarshen shekarar ambaliya ta lalata gidan zangon Wycliffe Well, wanda ya daɗe yana cikin jerin wuraren shan mai, aka bar shi kango. Wanda ke aiki da tsohon littafin jagora zai ci gaba da lissafi da shi.

A watan Janairun 2023 ambaliya ta karya gadar Fitzroy Crossing a yankin Kimberley, kan hanyar kwalta ɗaya tilo da ke wurin. Manyan motoci suka koma zagayen dubban kilomita, kuma sai a watan Disamba aka buɗe sabuwar gada.

Darasin da ke ciki shi ne ruwa da abincin da ke cikin mota su wuce na kwanakin da aka tsara. Mafi ƙarancin abin da ake ba da shawara shi ne lita huɗu zuwa biyar ga kowane mutum a rana, a ƙara sosai lokacin zafi, a kuma raba shi cikin jarkoki da yawa don kada ɗaya ta fashe a rasa duka. Kowace safiya a duba sanarwar hukumar hanyoyi, a kuma tambayi masu gidan zango, domin su ke jin labari daga bakin direbobin da suka fito daga inda za ka.

Waya ta zo, amma ba ta ɗauke nauyin shiri ba

Kamfanonin sadarwa na ƙasar suna alfaharin cewa sabis ɗinsu ya kai ga kusan kowa. Gaskiya ne idan mutane ake ƙirgawa. Idan faɗin ƙasa ake aunawa, kusan kashi biyu cikin uku babu sabis. A watan Oktoban 2024 manyan kamfanonin Telstra da Optus suka kashe layin 3G, mazauna karkara da dama suka koka cewa wuraren da a da suke ɗan samun sabis sun mutu, wasu wayoyin da aka sayo daga ƙasashen waje kuma suka daina aiki.

A ɗaya ɓangaren, sababbin wayoyin iPhone sun fara aika saƙon neman agaji ta tauraron ɗan'adam a ƙasar tun 2023, Telstra kuma ya fara saƙon tes ta taurarin Starlink a 2025. Gwamnatin tarayya ta sanar da shirin wajabta wa kamfanoni samar da sabis na kira da saƙo a duk inda mutum ke iya ganin sama.

Wannan ci gaba ne da zai ceci rayuka. Amma yana tafe da nasa haɗarin, domin wanda ya ji cewa agaji na cikin aljihunsa yana iya sakaci da jarkar ruwa da tayar safaya ta biyu. Waya na faɗuwa ta fashe, batir na mutuwa da zafi, kuma ko saƙon ya isa, mai ceto na iya kasancewa ɗaruruwan kilomita daga wurin. Ƙungiyar likitoci masu zuwa da jirgin sama, wadda aka kafa a 1928, takan sauka har a kan titi a wasu wuraren da aka tanada, amma zuwan nata sa'o'i yake ɗauka. Har yanzu jami'an ceto sun fi amincewa da 'yar na'urar nan ta neman agaji da ake rataya wa a jiki, wadda ake yi wa rajista kyauta a hukumar kiyaye haɗurran teku ta ƙasar, kuma ana samun hayarta.

Akwai kuma abin da ba ya cin ko sisi: ka rubuta wa wani amintacce hanyar da za ka bi, da zangon kowace rana, da lambar motarka, da lokacin da idan bai ji daga gare ka ba zai kira 'yan sanda a lamba 000. Idan ka sauya hanya, ka sanar da shi. Masu nema ba sa iya farawa sai sun san an ɓata, kuma ba sa iya taƙaita wurin nema sai sun san inda aka nufa.

Idan kuma mota ta tsaya, shawarar 'yan sanda da masu ceto guda ce: a zauna tare da ita. Tana ba da inuwa da rana, tana tare sanyi da dare, ruwan da aka ɗauko na cikinta, kuma daga sama an fi saurin hango rufin mota a kan mutum ɗaya da ke tafiya a ƙarƙashin itatuwa.

Sauran aiki na wuyan hukumomi da kamfanoni: a ɗaga wuraren da ruwa ke shanyewa a manyan hanyoyi, a ƙara wuraren hutu masu inuwa da ruwa, kamfanonin taswira su daina tura baƙi hanyoyin da damina ke rufewa, kamfanonin haya kuma su yi wa baƙo bayani baki da baki maimakon ɓoye sharaɗi a ƙananan rubutu. Kafin a kai ga haka, hukuncin da ya fi kowane muhimmanci yana hannun direba ne da misalin ƙarfe huɗu na yamma, lokacin da ya iso wani zango, rana ta karkata, taswira kuma tana ce masa saura kilomita 200 kacal. Tafiya sannu-sannu kwana nesa, in ji masu iya magana. A wannan hanya, nan ne wurin sauke kaya.